Alhaji Alhassan Ɗantata: Falken da Manyan Kamfani Suka Ba Amanar Kuɗinsu

 A wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu mun zaɓi mu kawo tarihin marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata. Dalilinmu shi ne, tambayar da ta fi yawa a ofishinmu na Briketeri ita ce yadda ɗan kasuwa zai shawo kan shugabannin banki ko na babban kamfani su ba shi jari ko wakilci. Ɗantata falke ne mai ƙetare iyaka kamar mu, kuma ya bi wannan hanya tun fiye da shekara 100 da suka wuce.

An haife shi a garin Bebeji, cikin ƙasar Kano, a shekarar 1877, a gidan Agalawa, mutanen da aka sani da fataucin nesa. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu tun yana yaro, mahaifiyarsa kuma, wadda ake kira Amarya, ta koma Akara da zama. Wata dattijuwa mai suna Tata ce ta rene shi, daga nan ya samu sunan Ɗantata. Bai gaji wata babbar dukiya ba. Da karatun allo da ƙananan saye da sayarwa ya tashi, yana tara ɗan abin da ya samu.

Da ya kawo ƙarfi sai ya shiga fataucin goro na Gwanja. Ayarin wancan zamani watanni yake yi a hanya da jakuna, goro kuwa ba ya son jinkiri. Ɗantata yana cikin Hausawan farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau zuwa Ikko, sannan a yi arewa da shi. Ya haɗa da cinikin tsakiya da yadudduka. A haka ya yi yara da masu masauki a garuruwa da dama, kowa ya san shi da cika alkawari.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa sun sa ran auduga za su riƙa kwasa, amma manoma suka ga gyaɗa ta fi riba, daga 1912 cinikinta ya buɗe. A nan kamfanonin Turawa suka gamu da matsala. Kuɗi suna da shi, kasuwa a Ingila tana jira, amma ba su san ƙauyuka ba, ba su jin Hausa sosai, ba su kuma san wanda za a ba kuɗi ya dawo da kaya ba. Dole suka nemi attajiran Kano, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo. A 1918 kamfanin Niger Company ya ɗauki Ɗantata ya riƙa sayo masa gyaɗa.

Ga yadda aikin yake. Kamfani ya ba attajiri kuɗi tun kafin kaka, shi kuma ya rarraba wa yaransa, su shiga ƙauyuka su sayi gyaɗa, a kawo ta Kano a auna, a yi lissafi. Duk yaron da ya ci kuɗi, a kan maigidansa asarar take. Saboda haka abin da shugabannin kamfani suke dubawa shi ne, wa yake da mutanen da ba za su ci amanarsa ba, wa yake da jarin kansa da zai cike giɓi in an samu tangarɗa. Ɗantata ya riga ya mallaki duka biyun daga cinikin goro. Cikin 'yan shekaru ya wuce waɗanda suka riga shi shiga harkar, kuma wajen 1922 ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Kano.

A 1929 bankin Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano, Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa, kayan raƙuma 20. A wannan shekarar ce kuma Niger Company ya haɗe da wani kamfanin aka kafa UAC, Ɗantata ya ci gaba da zama babban mai sayo musu gyaɗa. Buhunan da ake jerawa kafin jirgi ya kwashe su ne suka zama dalar gyaɗa ta Kano, kuma ba a ambatonta ba tare da sunansa ba. Duk da haka bai saki goro da shanu da yadi ya dogara da kamfani shi kaɗai ba. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a unguwar Sarari a Kano. 'Ya'yansa, irin su Sanusi da Aminu, suka riƙe gidan, Alhaji Aliko Ɗangote kuma tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

'Yan uwa, abin da muka fahimta shi ne, manyan kamfani sun ba Ɗantata kuɗinsu ne domin ya zo musu da abin da suka rasa, kuma suna iya ganinsa da idonsu. Mu ma muna da irin wannan. Mun san hanya daga Yawunde zuwa Ngaundere, Garwa, Marwa, Mubi da Kano. Mun san farashi da sefa da naira, mun san wanda ake ba bashi ya biya. Manajan da ke zaune a ofis a Duwala yana bukatar wannan sani. Inda muke da rauni shi ne shaida. Da yawanmu lissafinmu a ka yake, kuɗin ciniki kuma ba ya bi ta asusun banki, ranar neman jari sai a rasa abin nunawa.

Shawararmu ga duk mai shirin zuwa gaban manya ita ce, ya fara tanadin littafin shiga da fita na aƙalla shekara guda, da takardun duwan, da rasit na haraji. Ya faɗi adadin da yake so, da abin da zai saya, da ranar biya, da abin da shi kansa ya zuba. Ya karɓi kaɗan ya biya a kan lokaci kafin ya nemi mai yawa. Kada kuma ya rufe tsohuwar sana'arsa don ya samu wakilci, domin shugaban da ya amince da kai a yau ana iya yi masa canjin wurin aiki gobe. Ofishin ƙungiya a buɗe yake ga wanda ke son a taya shi tsara takardunsa.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata da magabatanmu da suka kafa wannan ƙungiya, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya kai mu wata shekarar lafiya. Amin.