Katherine Dunham: Baƙar Ba'amurkiyar da ta bi sawun rawar kakanninta har zuwa Dakar

Mu da muka taso a Katuzu, nan gefen Gashuwa, mun san matsayin mai rawa da makaɗi. Ranar biki a yi musu liƙi har kuɗi su rufe ƙasa, amma ranar da ɗayansu ya zo neman aure sai dangi su fara kallon juna. To, matar da za mu ba da tarihinta yau tana da digirin babbar jami'a a hannu, ta ajiye hanyar zama farfesa ta rungumi wannan sana'a da ake rainawa.

An haifi Katherine Dunham a birnin Chicago na Amurka ranar 22 ga Yuni, 1909. Mahaifinta jikan bayi ne, mahaifiyarta kuwa ta rasu tun tana ƙarama. Ta girma a garin Joliet, inda uban yake da shagon wanki da guga. Da ta shiga Jami'ar Chicago sai ta haɗa abu biyu: karatun nazarin al'adun bil'adama, da koyon bale, wato rawar nan ta Turawa da ake yi a kan yatsun ƙafa. A farkon shekarun 1930 ta kafa ƙungiyar Ballet Nègre, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin bale na farko na baƙaƙen fata a ƙasar.

Abin da ya juya rayuwarta shi ne tafiyar da ta yi a 1935. Ta samu tallafin bincike ta nufi tsibiran Karebiyan, inda jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suke zaune: Jamaika, Martinique, Trinidad da Haiti. A Jamaika ta zauna a ƙauyen Accompong, wurin zuriyar bayin da suka gudu kan duwatsu suka ƙi komawa hannun Turawa. A Haiti ta fi daɗewa, har aka shigar da ita cikin al'adar Vodou, wadda Bahaushe zai ce ta yi kama da bori. Abin da ta gano shi ne an raba mutanen nan da harshensu da sunayensu da garuruwansu, amma ba a iya raba su da yadda suke motsa kafaɗa da ƙugu in ganga ta tashi ba. Duk wanda ya taɓa jin kalangu a Sabo ta Ibadan ko a Agege da daddare, ya ji gida ya faɗo masa, ya san abin da ake nufi.

Ta dawo ta karɓi digirinta a 1936, sannan ta fara mayar da abin da ta gani zuwa dandali. A 1938 ta tsara L'Ag'Ya, daga wata rawar faɗa ta Martinique da ake yi da kiɗa, kusan irin yadda muke dambe. Daga baya ta tsara Shango, daga bikin da ta gani a Trinidad, kuma Shangon nan dai shi ne Sango na Yarbawan Oyo da maƙwabtanmu suke ambata. Ta gauraya horon bale da motsin Afirka ta fitar da nata salon koyarwa, wanda har yau ake koyar da shi da sunanta.

Daga nan sai suna. A 1940 ta fito a wasan Cabin in the Sky a New York, ta yi aikin tsara rawar tare da George Balanchine. Hollywood ta kira ta, ita da 'yan ƙungiyarta suka fito a fim ɗin Stormy Weather na 1943. Ta buɗe makarantar rawa a New York, inda Marlon Brando da James Dean suka taɓa ɗaukar darasi. Ƙungiyarta ta zagaya ƙasashe fiye da 50.

Sai dai fa duk tafin da ake yi mata bai sa ta manta da launin fatarta ba, kuma ba a bar ta ta manta ba. A 1944 a birnin Louisville, bayan ta gama wasa jama'a suna ta tafi, ta tsaya ta shaida musu cewa ba za ta sake zuwa ba muddin ba a barin baƙi su zauna kusa da farare a zauren. A 1950 wani otal a São Paulo ta Barazil ya hana ta ɗaki. Ta fallasa maganar, hayaniya ta tashi, shekara ta gaba ƙasar ta yi dokar Afonso Arinos da ta haramta irin wannan wariya. Haka kuma ta nuna Southland a Santiago ta Chile, wasan da ya nuna yadda farare ke rataye baƙar fata ba tare da shari'a ba a kudancin Amurka. Jami'an ƙasarta suka fusata, gwamnati ba ta taɓa ɗaukar nauyin tafiye-tafiyen ƙungiyarta ba, alhali tana ɗaukar na wasu. A ganina ta san abin da zai biyo baya, ta yi duk da haka.

A 1963 ta tsara rawar wasan Aida a Metropolitan Opera, mace baƙar fata ta farko da ta yi wannan aiki a can. A 1966 tana Dakar, inda Shugaba Léopold Senghor ya gayyace ta don babban bikin al'adun baƙaƙen fata na duniya, kuma ta horar da ƙungiyar rawa ta ƙasar Senegal. Wannan bikin shi ne yayan FESTAC ɗin da aka yi a Legas a 1977, wanda ya bar mana unguwar Festac, aka kuma yi hawan dabarsa a Kaduna.

Da ta koma gida, maimakon New York sai ta tare a East St. Louis, garin talakawa da rikicin samari ya yi wa katutu, ta buɗe cibiyar koyar da su rawa da kiɗa. Har kulle ta 'yan sanda suka yi a 1967 don ta je bin kadin wani saurayi da suka kama. Cikin makaɗan da ta janyo daga Senegal don koyarwa akwai Mor Thiam, mahaifin mawaƙin nan Akon.

A 1992, tana da shekara 82, ta yi yajin cin abinci na kwana 47 saboda yadda Amurka take mayar da 'yan gudun hijirar Haiti da suka tsallako teku. Sai da hamɓararren shugaban Haiti Jean-Bertrand Aristide da Jesse Jackson suka roƙe ta sannan ta karya. Ta mutu a New York ranar 21 ga Mayu, 2006, saura wata ɗaya ta cika shekara 97.