Sydney Chapman, masanin lissafin da ya auna motsin saman iska daga doron ƙasa

Sydney Chapman ya rasu ranar 16 ga Yuni, 1970, a garin Boulder na jihar Colorado a Amurka, yana da shekara 82. A shekarar ce aka buga littafin da ya rubuta tare da Richard Lindzen kan yadda iskar da ta lulluɓe duniya ke tumbatsa tana janyewa kullum kamar teku. Fiye da shekara 50 ya yi yana bin wannan batu, kuma yawancin abin da ya gano game da saman iska ya same shi ne daga alkaluman da aka tattara a ƙasa, tun kafin a harba tauraron ɗan'adam ko guda.

An haife shi ranar 29 ga Janairu, 1888, a Eccles kusa da Manchester a Ingila. Yana da shekara 16 ya shiga gasar neman tallafin karatu, ya zamo na ƙarshe cikin waɗanda aka ɗauka. Ya karanta injiniyanci a Jami'ar Manchester, daga nan ya karkata ga lissafi, ya wuce Cambridge a 1908. A 1910 ya kama aiki a cibiyar nazarin taurari ta Greenwich, inda aka ɗora masa kula da sashen auna maganaɗisun duniya. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke bai shiga soja ba, saboda aƙidarsa ta ƙin zubar da jini.

A Greenwich ya yi aikin da ya nuna irin haƙurinsa. An daɗe da sanin cewa wata na jan ruwan teku, masana kuma suna ganin lalle ne ya ja iska ma. A ƙasashe masu zafi an iya auna hakan tun ƙarni na 19, amma a Turai, inda yanayi ke yawan birkicewa, manyan masana sun gwada sun gaza. Chapman ya ɗauko bayanan nauyin iska na shekara 64 da aka rubuta awa bayan awa, ya ware ranakun da yanayi ya rikice, ya riƙe masu natsuwa kaɗai. A 1918 ya fito da tasirin watan, wanda bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba a ma'aunin zaiba.

Ƙanƙantar wannan adadi tana da bayani. Idan dutse ko hadari ya tura iska sama, nauyinta kan dawo da ita ƙasa, ta zarce inda ta taso, ta sake hawa, sai igiya ta tashi kamar yadda take tashi a tafki idan an jefa tsakuwa. Iska tana raguwar kauri yayin da ake yin sama, saboda haka igiyar da ba a jin ta a ƙasa kan ƙasaita har ta zama iska mai ƙarfin gaske a tsayin kilomita 100. Tumbatsar da wata da zafin rana ke haddasawa ita ce mafi faɗi a wannan dangi. A 1960 masanin Kanada, Colin Hines, ya nuna cewa ƙananan igiyoyi irin waɗannan ne ke kaɗa ayonosfiya, wato sashen saman iska mai ɗauke da lantarki, wanda ke maido da siginar rediyo mai gajeren zango zuwa ƙasa.

Chapman ya zama farfesa a Manchester a 1919, ya koma Kwalejin Imperial ta Landan a 1924, sannan Oxford a 1946. A 1930 ya bayyana yadda hasken rana ke samar da iskar ozon da ke kare halittu daga ƙuna. A 1931 ya fitar da lissafin yadda ayonosfiya ke samuwa, wanda har yau ake koyar da shi da sunansa. Shi da ɗalibinsa Vincenzo Ferraro sun yi hasashen cewa burbushin da rana ke fesowa yana matse maganaɗisun duniya cikin wani kogo, taurarin ɗan'adam kuma suka tabbatar da hakan a farkon shekarun 1960. A 1940 ya fitar da littafi mai juzu'i biyu kan maganaɗisun duniya tare da Bajamushe Julius Bartels.

Bayan ya bar Oxford a 1953 ya raba zamansa tsakanin Boulder da Jami'ar Alaska da ke kusa da Fairbanks, can ƙuryar arewacin duniya, inda hasken nan mai launin kore da ja da ake kira orora ke rataya a sama cikin dare. A irin wannan yanki burbushin rana da wutar lantarkin da ke gudana a sama kan ɗumama iska farat ɗaya, su tayar da manyan igiyoyi da ke gangarowa kudu da gudun ɗaruruwan mita a daƙiƙa, suna hargitsa ayonosfiya a kan hanyarsu. A can ya horar da ɗan Japan Syun-Ichi Akasofu, wanda a 1964 ya fayyace matakan da orora ke bi idan ta ɓarke.

Chapman ne ya shugabanci kwamitin shirya Shekarar Nazarin Duniya ta Ƙasa da Ƙasa, daga 1 ga Yuli, 1957, zuwa 31 ga Disamba, 1958. Ƙasashe 67 suka shiga, Amurka da Tarayyar Sobiyet suka yi musayar bayanai ana tsakiyar yaƙin cacar baka, a cikinta ne kuma aka harba Sputnik.

Akwai inda ya kuskure, kuskuren kuma ya ja wa fannin jinkiri. Tun 1908 masanin Norwe, Kristian Birkeland, ya ce wutar lantarki na sauka daga sararin samaniya zuwa yankin orora ta bin layukan maganaɗisu. Chapman ya yi watsi da ra'ayin, ya kuma yi shekaru yana ja da Hannes Alfvén na Suwidin wanda ya tsaya a kansa. Saboda girman sunan Chapman, yawancin masana suka bi bayansa. Awon taurarin ɗan'adam daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970 ya gaskata Birkeland.

Aikinsa ya shafi Najeriya kai tsaye. A 1951 ya bayyana wani rafin lantarki da ke gudana gabas da rana, a tsayin kilomita 100 da ɗoriya, bisa layin tsakiyar maganaɗisun duniya, ya kuma raɗa masa suna ilektirojet. Layin ya ratsa Najeriya, rafin mai faɗin kusan kilomita 600 kuma yana bi ta saman yankin da ya kama daga Ilorin da Lafiya zuwa Zariya. Tumbatsar iskar nan da Chapman ya fara bi a Greenwich ita ce injin da ke tura shi. Farfesa Cyril Onwumechili na Jami'ar Ibadan ya shafe shekaru yana auna shi, ya kuma wallafa littafi a kansa a 1997. Idan muryar rediyo mai gajeren zango ta riƙa tashi tana faɗuwa a Shabu bayan magariba, ko na'urar GPS ta mai awon fili ta kauce da wasu mitoci, sau da yawa hargitsin ayonosfiyar wannan yanki ne sanadi.

Chapman ya auri Katharine Steinthal a 1922, suka haifi 'ya'ya huɗu. Ta riga shi rasuwa a 1967. An san shi da sauƙin kai, da son tafiya a ƙafa da hawan keke da iyo har cikin tsufansa. Ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society ta ba shi lambar Copley a 1964. Littafin da ya rubuta tare da Akasofu kan alaƙar rana da duniya ya fito a 1972, shekara biyu bayan rasuwarsa.