Bakhita: 'yar Darfur da bauta ta raba da sunanta

Hanyar da alhazan ƙasar Hausa suka riƙa bi da ƙafa zuwa Makka, ta Darfur da Kordofan har tashar jiragen ruwa ta Suwakin, ita ce ta kawo kakannin Hausawa da dama da ke zaune yau a Mai Wurno da Abu Hujar da sauran ƙauyukan bakin kogin Nilu. Kusan wannan hanyar ce wata yarinya 'yar ƙabilar Daju ta bi, sai dai ita a ɗaure ta fara tafiyar. Cocin Katolika na kiranta Waliyyiya Josephine Bakhita, majiɓinciyar Sudan. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wanda ya kai har Sinja a Yunin 2024 ya tarwatsa iyalai a jihar Sennar, ya sa labarinta ya daina zama tsohon labari.

An haife ta wajajen 1869 a ƙauyen Olgossa da ke Darfur. Masu farautar bayi sun fara sace yayarta, daga baya suka yi awon gaba da ita a bayan gari, ba ta cika shekara goma ba. Tsananin firgici ya sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata, kuma har ta bar duniya bai dawo mata ba. Waɗanda suka sace ta ne suka laƙaba mata Bakhita, wato mai sa'a da Larabci.

Ba takalmi aka kora ta zuwa El Obeid, ana sayar da ita hannu zuwa hannu. A gidan wani attajiri ɗan maigidan ya yi mata dukan da ya kwantar da ita fiye da wata guda. Gidan da ya fi muni shi ne na wani hafsan sojan Turkiyya, inda bulala ta zama abin kullum. A can aka kira wata mata ta zana mata zane a jiki da garin fulawa, ta bi zanen da aska, sannan aka riƙa cusa gishiri a cikin yankan don tabon ya tashi. Yanka 114 ta ƙirga a ƙirji da ciki da hannun dama. A wurin Bahaushe tsagar gado alamar asali ce. Wannan kuwa an yi ta ne don a ƙawata dukiyar maigida.

Da mayaƙan Mahadi suka matso El Obeid a ƙarshen 1882, hafsan ya koma Khartum, inda a 1883 wani jami'in jakadancin Italiya, Callisto Legnani, ya saye ta. A gidansa ta fara kwana ba duka. Da zai gudu daga birnin ta roƙe shi ya tafi da ita, suka hau raƙuma zuwa Suwakin kafin Khartum ta faɗi a Janairun 1885. Ana yawan yabon kirkinsa, amma suna sauka a Jenowa ya ba da ita kyauta ga matar abokinsa, Turina Michieli, kamar tsaraba. Ta zama mai rainon 'yarsu Mimmina.

A ƙarshen 1888 uwargidan ta tafi Suwakin, inda mijinta yake da otal, ta bar Bakhita da yarinyar a hannun sistocin Canossa a birnin Benis. Da ta dawo ɗaukar su, sai baiwar da ba ta taɓa musu da kowa ba ta ce ba inda za ta. An yi lallashi, an yi barazana, ta kafe. Ranar 29 ga Nuwamba 1889 hukuma ta yanke cewa dokar Italiya ba ta san bauta ba, don haka ba mai iko da ita. An yi mata baftisma ranar 9 ga Janairu 1890, ta kuma ɗauki alkawarin zama sista ranar 8 ga Disamba 1896.

Abin da ya riƙe ta ana gane shi daga sunan da take kiran Allah da shi. Paron take cewa, kalmar mutanen Benis ta maigida. Mai jin Hausa ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin ubangiji shi ne mai bawa, Ubangiji kuma shi ne Allah. Ta ga iyayengiji iri-iri, kowanne yana auna ta da kuɗi. A wurin sistocin ta ji cewa akwai wanda ke sama da su duka, ya san ta tun tana tafe a daji, kuma a koyarwar Kirista shi kansa an yi masa bulala, an sayar da shi da azurfa talatin. Ba ta ɗora begenta a kan cewa gobe za ta fi yau daɗi ba, don gobe ta sha yaudarar ta. Ta ɗora shi a kan cewa akwai mai jiran ta, ko me ya faru a hanya. Wannan ne ya sa Fafaroma Benedict na 16 ya kawo labarinta tun a farkon wasiƙarsa ta 2007 kan bege, mai suna Spe Salvi.

Daga 1902 ta zauna a garin Schio, tana girki, tana kula da kayan coci, tana tsaron ƙofa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ta yi hidima ga sojojin da aka kwantar a gidan sistocin. Bayan littafin tarihinta na Ida Zanolini ya fito a 1931, aka riƙa yawo da ita gari-gari, jama'a na tururuwar kallon baƙar sista, abin da ba ya rasa kama da wata kasuwar. An rawaito tana cewa da za ta gamu da waɗanda suka sace ta, da ta durƙusa ta sumbaci hannuwansu, don ta hanyarsu ta san Almasihu. Magana ce mai nauyi da wanda aka zalunta kaɗai ke da ikon faɗa, kuma ba ta wanke ɓarayin mutane ba.

Yafiyar ba ta share abin da jiki ya riƙe ba. A ciwon ajalinta, tana cikin magagi, ta riƙa roƙon mai jinyarta ta sassauta mata sarƙoƙin, wai sun yi nauyi. Ta rasu ranar 8 ga Fabrairu 1947. Fafaroma John Paul na 2, wanda ya yi maganarta a gaban taron jama'a a Khartum a Fabrairun 1993, ya ayyana ta waliyyiya ranar 1 ga Oktoba 2000, kuma tun 2015 Katolika ke ware ranar rasuwarta don addu'a kan fataucin mutane. A Schio ta ƙare kwanakinta, ba ta sake taka Darfur ba, ba ta kuma samu labarin iyayenta ba.