Marigayi Dakta Mamman Shata: Mai Tallan Goron Da Jami'o'i Suka Yi Karatu A Kansa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kwana a hanya da kaya, ko tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko daga Mubi zuwa Garwa, ko daga nan Yawunde zuwa Kye-Ossi, da wuya a ce muryar Alhaji Mamman Shata ba ta taya shi hira ba. A unguwarmu ta Briqueterie har zuwa Cité Verte, yaran da aka haifa bayan rasuwarsa ma suna kiransa Dakta. Wannan Dakta kuwa tana da tarihi, don mutumin bai yi karatun boko ba.

An haifi Muhammadu Shata a garin Musawa na ƙasar Katsina a shekarar 1923. Mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa Lariya, dukkansu jinin Fulani ne. Ya yi makarantar allo kamar sauran yara, da ya tasa kuma ya shiga tallan goro, daga baya ya koma sayar da alewa. Wato dai ɗan'uwanmu ne a sana'a, sai dai kasuwar ba ta karɓe shi ba, domin hankalinsa yana dandali, wajen waƙoƙin asauwara da samari da 'yan mata ke yi da dare. Mahaifinsa bai so haka ba ko kaɗan. A wajen Bafulatanin wancan zamani waƙa roƙo ce, kuma gidan da bai gaji roƙo ba abin kunya ne a ga ɗansa da makaɗa a baya. Shata bai gaji kiɗa ba, bai kuma yi wa wani mawaƙi yaranta ba har ya koya.

Daga Musawa ya koma Bakori, inda ya zauna a ƙarƙashin Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin sayen auduga da gyaɗa a can. Sunansa ya cika ƙasar Hausa ne bayan wasan da ya yi a Kano a bikin 'ya'yan sarki na shekarar 1952. A 1960 ya tare a Funtuwa, kuma nan ne ya zama gidansa kusan shekara 40.

Kayan kiɗan da ya riƙe shi ne kalangu, wanda asali kiɗan mahauta ne. Masu gasa suya a Briqueterie sun fi kowa sanin haka. Shata ya ɗauko kalangu daga bakin mahauta ya shiga da shi fadar sarakuna, da gidajen attajirai, da tashoshin mota, da gidajen rediyo. Ya yi wa Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar waƙa, ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa da malamai da sojoji, har kumbon Apollo 11 da Amurkawa suka harba duniyar wata a 1969 bai tsira ba. Ba kuma zama yake yi ya tsara waƙa a gida ba. Makaɗa su ɗauko kiɗa, ya ba 'yan amshi gindin waƙa, sauran kuma a nan take yake ƙaga ta, yana duban fuskokin mutanen da ke wurin.

Wannan baiwar ce ta ja hankalin masu ilmi. Wani ɗan Kano, Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya zama shugaban Jami'ar Bayero, ya rubuta kundin digirinsa na uku kacokan a kan Shata, ya miƙa shi a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975. Tun kafin nan Turawa biyu, David Ames da Anthony King, sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, wani kuma mai suna Fremont Besmer ya yi nasa digirin a kan makaɗan fadar Kano. A gida, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993, wanda ɗaliban Hausa ke dogaro da shi a jami'o'i.

Mai karatu zai iya tambaya, me ake karantawa a waƙar da kowa ke ji a kyauta? Bari mu ɗan tsaya a nan, don wurin yana da nauyi.

Aikin farko shi ne ɗaukar murya a inda ake wasa, da rubuta rana da gari da dalilin taron da wanda ake yi wa waƙar. Faifan da ba a san ranarsa da wurinsa ba kamar buhun da ba rasiɗi ne a bakin iyaka, akwai kaya a ciki amma ba mai tsaya maka shaida. Daga nan sai ɗalibi ya zauna ya rubuta waƙar kalma bayan kalma, ya raba abin da jagora ya faɗa da abin da 'yan amshi suka karɓa. Waƙar minti 10 tana iya cinye masa yini guda, musamman inda Shata ya ja da sauri ko ya saka sunan wani ƙauye da ba ya cikin taswira.

Sai maganar karin sauti. Hausa harshe ne da hawa da saukar murya ke canza ma'ana: kukan yaro daban, kukar miya daban, alhali a rubuce baƙaƙen ɗaya ne. Kalangu yana da fata biyu da tsarkiya ta haɗa su, idan makaɗi ya matse shi a hammata sauti ya hau, idan ya saki ya sauka. Da haka ne kalangu ke kwaikwayon maganar mutum, har a kaɗa wa wani takensa ya waiwayo ba tare da an buɗe baki ba. Dole mai nazari ya horar da kunnensa har ya riƙa bambance abin da babban kalangu ke faɗi da abin da ƙananan ke riƙewa, ya kuma iya sa shi a takarda yadda wani a wata ƙasa zai karanta ya gane. Rubutun kiɗa irin na Turawa an tsara shi ne don kayan kiɗansu, sai an yi masa gyara kafin ya ɗauki lanƙwasar kalangu.

Aikin da ya fi burge mu shi ne na kwatanta waƙa ɗaya da aka rera a lokuta daban-daban. Bakandamiya, wadda Shata ke wasa kansa a cikinta, ya yi ta sau da yawa a tsawon shekaru, kuma kowace da irin tata. Idan aka jera su, sai a ga abin da ba ya motsi da abin da ke sauyawa, a gane cewa mawaƙin yana da rumbun jimloli da kirari da yake ɗebowa yana ɗinkawa gwargwadon wurin da ya samu kansa. Wanda ya ƙware a wannan ya koyi haƙurin sauraro, da bin diddigin magana har tushenta, da iya zama da dattijo ya tatsi labari ba tare da ya ɓata masa rai ba. Mu da ke aikin rediyo mun san gidajen da ke neman mai irin wannan hannu ruwa a jallo, haka ma ma'adanar tarihi da masu kula da haƙƙin mawaƙa.

A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa. Gwamnatin Nijeriya kuma ta ba shi lambar yabo ta MON. Sana'ar da uba ya ji kunyarta ita ce ta sa aka yafa wa ɗansa alkyabbar jami'a a gaban furofesoshi. Duk da haka, a ganinmu kallon da ake yi wa harkar bai canza sosai ba. Alhajin da zai yi wa mawaƙi kyautar mota a wajen biki, idan ɗansa ya ce zai yi digiri na biyu a nazarin kiɗa, sai an kai ruwa rana. Maƙwabtanmu na kudancin Kamaru sun riga mu a nan. Marigayi Farfesa Eno Belinga na Jami'ar Yawunde, masanin duwatsu da ma'adinai ne, amma ya zauna ya rubuta littattafai a kan mvet, kiɗan gargajiyar mutanensa. Mu kuwa kaset-kaset ɗin da iyayenmu suka sayo a Kano suna can cikin kwali, damina da zafi suna cin su, da sunayen fatake da dillalai da masu masauki da aka ambata a ciki. Waɗanda aka juye a waya ma sau da yawa an yanke musu kai ko gindi, an laƙaba musu sunan da ba nasu ba.

Shata ya taɓa siyasa, har ya riƙe shugabancin jam'iyyar SDP a Funtuwa a jamhuriya ta uku, amma bakinsa bai iya ɓoye-ɓoye ba, tafiyar ba ta yi nisa ba. Yana da zambo mai zafi, waɗanda suka sha shi sun sani, kuma akwai waƙoƙinsa da malamai suka yi tir da su tun yana raye. Kundin da aka rubuta a kansa bai goge wannan ba, kuma bai kamata a goge ba. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun tattara tarihinsa a littafin Shata Ikon Allah, wanda ya fito a 2006.

A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da jinya, an kwantar da shi a Kano, an kai shi Jidda, aka sake dawo da shi. Ya rasu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999. A ranar aka ɗauki gawarsa zuwa Daura kamar yadda ya yi wasiyya, aka yi masa sutura a garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya halarci jana'izar da kansa. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa.