Ibrahim Narambaɗa da Kotson Gado

An haifi Ibrahim Narambaɗa a Tubali, ƙasar Isa. Mahaifinsa, Maidangwale, mutumin Filinge ne ta Nijar. Kiɗa kuwa ta wajen uwa ya gada: kotson kakansa ya ɗauka, ya soma da waƙoƙin noma, har ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Ya rasu a farkon shekarun 1960.

Gogen da Antonio Stradivari ya ƙera a Italiya a 1716 yana adane a Oxford, an rubuta sunayen waɗanda suka mallake shi. Tarihin kotson Narambaɗa kuwa yana bakin dattawan Isa, waɗanda 'yan bindiga ke tarwatsa ƙauyukansu. Rubuta shi ba ya jiran gobe.