Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Mai Gwandu: Malamin Nahawu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, an haifi Malam Abdullahi, ƙanen Shehu Usmanu, a shekara ta 1180 bayan Hijira, wato 1766 Miladiyya. Ya yi karatun Alƙur'ani a wurin mahaifinsu, Malam Muhammadu Fodiyo. Yana ɗan shekara 13 aka damƙa shi ga wansa Shehu, wanda ya ɗora shi a kan littattafan nahawu na masu farawa, Ajurumiyya da Mulha da Ƙaɗrun Nada. A cikinsu ne ɗalibi yake koyon rarrabe suna da fi'ili da harafi, da yadda ake gina jimla. Daga baya ya yi karatu a gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin nan da Shehu ya biyo har nan Agadas.

A 1804 ya yi hijira zuwa Gudu tare da Shehu, kuma shi ya jagoranci runduna a yaƙin Tafkin Kwatto. Amma yaƙi da shugabanci ba su raba shi da alƙalami ba. Ya wallafa Bahrul Muhiɗi a fannin nahawu da Hisnur Rasini a fannin sarfu, dukkansu a waƙe domin su yi wa almajirai sauƙin haddacewa. Ya rubuta tafsirin Liya'ut Ta'wili. A cikin Ida'un Nusukhi kuwa ya jero malamansa da littattafan da ya karanta, bai raina ƙananan ba. Ya rasu a 1245, wato 1829, kabarinsa yana Gwandu.

Ya ku ƴan uwa Musulmi, wanda ya fassara Littafin Allah da Ajurumiyya ya fara. A Larabci wasali guda, rufu'a a gurbin fataha, yana mayar da wanda aka yi wa aiki ya zama mai aikin, ma'anar aya ta juye. Saboda haka kada mu yi gaggawar cire ƴaƴanmu daga gaban malami da zarar sun sauke. Mu bar su su koyi nahawu, su iya rubuta jimla daidai, da Larabci da Hausa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi, Ya amfanar da mu da iliminsa, amin.