Marigayi Jean-Michel Basquiat: Yaron da Ya Faro Daga Rubutu a Bango

Duk wanda muka yi makaranta tare a Unguwar Sarki zai tuna hukuncin wanda aka kama yana rubutu da gawayi a bangon aji: bulala, sannan yankan ciyawa. Ni kaina na sha. Saboda haka ina roƙon malamanmu gafara, domin mutumin da zan kawo tarihinsa da irin wannan laifi ya yi suna a duniya.

An haifi Basquiat ranar 22 ga Disamba, 1960, a unguwar Brooklyn ta birnin New York a Amurka. Mahaifinsa mutumin Haiti ne, mahaifiyarsa kuma asalinta Puerto Rico. Yana ɗan shekara 7 mota ta buge shi, har aka cire masa saifa. Yana kwance a asibiti mahaifiyarsa ta kawo masa littafin likitoci mai hotunan sassan jikin ɗan Adam. Ƙasusuwa da ƙoƙon kai da suka cika zane-zanensa daga nan suka samo asali.

Bai gama sakandare ba. Yana da shekara 17 ya bar makaranta, ya kuma bar gidan ubansa, yana kwana inda dare ya yi masa. Shi da abokinsa Al Diaz suka riƙa bin bangaye da fentin feshi suna rubuta gajerun maganganu na habaici, suna sa hannu da sunan SAMO. Abinci kuwa sai ya sayar da riguna da katunan da ya zana.

A 1980 aka fara baje kolin aikinsa tare da na wasu. Daga nan ya kwaso abin da yake yi a bango ya mayar kan farin ƙyalle mai kauri da ake ɗamewa a jikin katako. A ganina nan gwanintarsa take, don bai gyara hannunsa saboda masu kuɗi ba. Yakan rubuta kalma ya soke ta, don ido ya fi tsayawa a kanta. Yakan zana jaruman baƙar fata, irin su ɗan dambe Muhammad Ali da makaɗi Charlie Parker, kuma kambin sarauta mai tsini uku ya zama tambarinsa. A 1982 aka gayyace shi babban baje kolin Documenta a Kassel ta Jamus, shi ne mafi ƙarancin shekaru a cikin mahalarta.

Kuɗi suka shigo kamar ruwa, amma a birninsu sau da yawa masu tasi kan ƙi tsaya masa saboda launin fatarsa. A 1986 ya zo Afirka, ya baje koli a Abidjan, har ya leƙa Korhogo a arewacin Kwaddebuwa.

Tun kafin wannan lokaci miyagun ƙwayoyi sun kama shi. Mutuwar amininsa Andy Warhol a 1987 ta ƙara jefa shi ciki. Ranar 12 ga Agusta, 1988, aka same shi a ɗakinsa rai ya yi halinsa, sakamakon hodar heroin da ta yi masa yawa. Shekarunsa 27, kuma yana cikin shirin komawa Kwaddebuwa.

A 2017 wani attajiri ɗan Japan, Yusaku Maezawa, ya sayi wani zanensa na ƙoƙon kai, wanda ya yi a 1982, a kan dala miliyan 110.5.